Mavis Ta Cika, Wendell Ya Rasa Hujja

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ciki mai cike da perogi (dafaffen ƙullin fulawa mai dankali a ciki), ma'aikatan ofishin gwajin iri da ke saman shagon tayoyi a Saskatoon, a madadin dattijonmu Wendell Hrycan, suna sanar da manoman alkama da na kanola da ake matse mai daga ƙwayarta, da abokan hulɗa na kusa da na nesa, da duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe da ita a ƙarƙashin teburi ya saki zagi, rasuwar babbar kwamfutar ofishinmu, Mavis. Ta cika ranar Juma'ar da ta gabata bayan gajeruwar jinya, ko kuma doguwa, ya danganta da wanda ka tambaya. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya da ɗoriya, wanda a wajen kwamfuta tsufa ne tukuf.

Wendell ne ya kamata ya rubuta wannan sanarwa, tunda shi ne mai gawa. An ba shi takarda da biro, ya rubuta sunanta, sai ya cire tabarau ya yi ta goge shi da gefen riga har kofinsa ya huce. Da aka ga abin ba na ƙarewa ba ne sai aka karɓe masa.

Shi ya haɗa ta da hannunsa, guntu-guntu, ya raɗa mata sunan matar da ke dafa musu abinci a makarantar firamare, wadda ya ce ba ta taɓa fashin aiki ba kuma ba ta taɓa canja miya ba. Marigayiya ta gaji halin takwararta duka biyun. Ita ke riƙe sakamakon kowane ƙunshin iri da manomi ya aiko, ita ke fitar da rahoto ta aika wa mai shi. Tun ranar da aka kunna ta ba a taɓa kashe ta ba, kuma wannan shi ne abin alfaharin Wendell a duniya. Wasu dattawa hoton jikoki suke nuna wa baƙo. Shi kuwa janyo baƙo yake yi gaban allo ya nuna masa tsawon lokacin da Mavis ta yi a kunne, sannan ya ja da baya ya jira yabo.

Ba ta da yawan magana. Fankarta ce kawai ke ta "huuuu" dare da rana, in kuma aiki ya yi nauyi sai a ji faifan ajiyarta yana "ƙirr, ƙirr, taf." A watan Janairu, lokacin da sanyi ke daskarar da gashin hanci tun daga bakin mota zuwa bakin ƙofa, Wendell kan tuɓe takalma ya miƙa ƙafafu a bayanta inda iska mai ɗumi ke fita. An sha samunsa a haka ido a rufe. Yakan ce sauraron lafiyarta yake yi.

Domin masu zuwa ta'aziyya su san nauyin wannan rashi, dole a tuna musu alkawarin da aka yi a walimar Kirsimeti shekaru uku da suka wuce. Matarsa Darlene ta tsare shi a gaban jama'a, ta ce, "Wendell, faɗa mini a gaban mutanen nan, yaushe za ka ajiye aikin nan? Ko sai an fito da kai a kwance?"

Shi kuwa ya ci ya ƙoshi, baki ya yi sauƙi, sai ya ɗaga kofi ya ce, "Ran da Mavis ta mutu, ran nan zan ajiye makulli."

"Kun dai ji," in ji Darlene. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta tabbatar kowa ya ɗaga kai.

Bazara na shigowa ta sayi motar nan ta yawo mai gado da murhu a ciki, ta ajiye ta a ƙofar gida, hancinta na kallon yamma inda teku yake. Dusar ƙanƙara ta rufe motar ta narke har sau uku, Mavis ko tari ba ta yi ba. Gaskiyar magana ita ce Wendell tsoro yake ji. Bai san wane ne shi ba in aka raba shi da tarin makullan da ke ƙugunsa da mutanen da ke kiran sunansa in wani abu ya tsaya. Muddin Mavis na numfashi yana da hujjar tashi da safe ya zo inda ake bukatarsa, shi ya sa yake kula da cimarta fiye da yadda yake kula da hawan jininsa.

Cimar kuwa ta ƙofa ɗaya take shigowa. Duk wata manhaja da za a sa wa Mavis sai ta fito daga siton masu tsarin Linux ɗinta, ta hannun magatakardan sito, wata manhaja da ake kira yum. Kayan sito an gwada su, an ga suna zaman lafiya da juna, kuma yum ya san inda ya ajiye kowanne da wanda ya jingina da shi. Aibinsu ɗaya ne, kafin su iso hannunka sun yi furfura. Wendell bai ɗauki wannan aibi ba.

Odette Gauthier kuwa, wadda ke rubuta mana manhajojin lissafi da harshen Python, kasuwarta daban. Masu Python suna da nasu dillalin mai suna pip, shi ma manhaja ce. Ka ce masa kana son abu, yanzun nan ya kawo maka wanda aka gama ƙerawa jiya, da 'yan rakiya ashirin da ba ka gayyata ba. Bai san yum ba, ba ya gaishe shi, kuma in ka buɗe masa babban ɗaki sai ya ture kayan da ya tarar ya jera nasa a gurbinsu. Kusan kullum sai mun ji su a kan wannan batu.

"Baba Wendell, abin lissafin da ke cikin Mavis fa ya girmi ɗana."

"Ɗan naki ya taɓa faɗuwa?"

"Kullum ma."

"To wannan bai taɓa ba."

"Yaushe sabon zai shigo siton naku?"

"In ya nuna."

"Kafin ya nuna ni na ruɓe!"

"Ke dai ki jira, 'yar nan. Waɗancan kayan naki wa ya gwada su? Wani yaro ne a ɗakin uwarsa ya rubuta da rana ya watsa da yamma."

"Naka kuma tsofaffi ne suka yi taro shekara biyu a kan ko za a taɓa shi."

Daga nan sai ta zubo masa kofi, shi kuma ya tura mata rabin donot ɗinsa, domin duk da wannan sa-in-sa jininsu ya haɗu.

Ciwon ajali ya shiga ne a kakar bara. Ruwa ya yi yawa, fumfuna ta kama alkama, manoma suka yi ta bugo waya suna son sanin ko irinsu zai shuku. Shugaban ofis, Mista Friesen, ya ce lallai a fitar da sabon rahoto a cikin makon. Odette ta rubuta shi, amma ya ƙi aiki da tsofaffin kayan Mavis. Ranar kuwa Wendell ya tafi cire haƙori, ya bar mata kalmar sirrin mai gida don kawai ta lallashi firinta in ta yi yaji.

Odette ba jahila ba ce. Ta san yadda ake keɓe wa pip ɗan akurkinsa a gefe, ya zuba kayansa can, kada ya taɓa na babban ɗaki. Amma waya na ta kuka, Mista Friesen na tsaye a kanta yana taunar murfin biro, ga makulli a hannu. Sai ta buɗe wa pip babban ɗaki ta ce ya sabunta abin da ya ga dama. Rahoto ya fita, manoma suka samu amsa, Mista Friesen ya sayo donot kwali biyu. Washegari Wendell ya dawo da kumatu a kumbure, ya durƙusa ya kasa kunne, ya ji "huuuu" yadda ya bari, ya tuɓe takalma.

Ba wanda ya ga alama, domin tsofaffin ayyukan da ke gudana a cikinta sun riga sun ɗauki kayansu a ka tun tuni, ba sa komawa ɗaki neman komai sai ran da aka kashe aka kunna. Mavis kuwa ba a kashe ta. Sito ma ya daɗe da daina aiko wa masu shekarunta sabon kaya, don haka Wendell ba shi da dalilin kiran yum. Haka ta ci gaba da yi mana aiki wata da watanni da ciwo a ciki, mu kuma muna ta yabon ƙoshin lafiyarta.

Ranar Juma'a muka yi walimar gama shuka, kowa ya zo da abin da ya dafa. Darlene ta shigo rungume da tukunyar lantarki cike da perogi mai dankali da cuku. Duk soket ɗin da ke kicin an cika shi da butoci da tukwane, sai aka ga ta nufi teburin mijinta ta sunkuya. Akwatin batirin ko-ta-kwana da ke gefen Mavis ya riga ta rasuwa da daɗewa, ba wanda ya sani, tunda gwada shi na nufin a cire wuta, cire wuta kuwa haramun ne a gidan.

Sai ofis ya yi tsit. Mu da muka shekara goma sha ɗaya muna jin wannan fanka har muka daina jinta, ran nan muka ji rashinta. Wendell na tsaye da faranti a hannu, cokali ya kusa kai baki.

"Darlene, me kika cire?"

"Wata baƙar igiya ce, duk ta yi ƙura."

"Akwai jan rubutu a jikinta! An rubuta kada a cire!"

"Ayya. Na bar tabarauna a mota."

Mu dai mun sha ganin Darlene tana karanta ƙananan rubutun bayan kwalbar magani ba tabarau, amma ranar makoki ba ranar bincike ba ce.

Wendell ya mayar da igiya. Mavis ta yi "ƙit," fanka ta juya, allo ya kawo haske, har wasu suka fara tafi. Sai aka nemi rahoto, shiru. Aka nemi aika saƙo, shiru. Ayyukan da suka farka sun koma ɗaki neman kayansu sun tarar da baƙi a kan gadajensu. Wendell ya kira yum ya zo ya gyara, yum ya amayo rubutu cike da allo ya faɗi, domin shi ma da Python aka gina shi, kuma kayan da yake tsaye a kansu suna cikin waɗanda pip ya ture. Likitan gidan ne ciwon ya fara kwantarwa.

Wendell ya duba kwanan watan da aka taɓa kayan, ya shafa kumatunsa inda haƙori yake a da, ya juyo a hankali.

"Odette."

"Na'am, Baba."

"Firinta na ce ki duba."

"Na duba ta. Lafiyarta ƙalau."

"Kin shigo mini da dillali har uwar ɗaki!"

"Da ban shigo da shi ba da manoma sun shuka ruɓaɓɓen iri. Sau nawa na roƙe ka? Kullum ki jira, ki jira. Kuma da kana kashe ta kana kunnawa kamar kowa, da tun washegari mun gani mun gyara."

"Ba a kashe abin da ke aiki!"

"To ga shi an kashe."

Can daga kicin Darlene ta ɗaga murya ta ce perogi ya yi zafi, mai so ya kawo faranti.

A nan ne ran maza ya ɓaci. Wendell, wanda ya tilasta wa kowannenmu karanta duk gargaɗin da kwamfuta ta fitar kafin ya danna komai, wanda ya taɓa hana Mista Friesen taɓa allon rubutu mako guda saboda ya danna "na yarda" da ka, shi ne ya yanke shawarar tumɓuke Python ɗin gaba ɗaya da ƙarfin tsiya ya dasa sabo. Mavis ta fitar da gargaɗi mai tsawo na abubuwan da suka jingina da shi. Odette ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Baba, tsaya ka karanta mana."

"Na san Mavis tun ba ki gama makaranta ba."

Ya danna. Rabin gidan ya bi Python ya fita. Ya ce ba komai, bari a kashe a sake kunnawa, wannan karon da hannunsa. Ya kashe, ya kunna. Faifan da ya shekara goma sha ɗaya yana juyi, aka tsayar da shi sau biyu a yini ɗaya, ya ga ashe hutu da daɗi. Muka ji "ƙwas, ƙwas, ƙwas," kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Tun daga ranar ofis ya rabu uku a kan wanda ya yi kisan. Wasu sun ce Odette da dillalinta, wasu sun ce Darlene da tukunyarta, wasu kuma, a ɓoye, sun ce mai gawar da kansa. Iyalan marigayiya sun yanke shawarar yafe wa kowa, musamman da aka lura duk wanda za a tuhuma yana cikin iyalan.

Manoma su kwantar da hankalinsu, ko sakamako ɗaya bai salwanta ba, domin Wendell bai taɓa fashin kwafe kayan cikinta zuwa wani wuri ba. Ranar Litinin Odette ta kawo sabuwar kwamfuta, 'yar ƙarama kamar kwalin takalmi, kafin a tashi aiki ta zuba komai a ciki rahoto ya ci gaba da fita. Wannan ya fi mutuwar yi wa Wendell ciwo. Ya zauna yana kallon abin da ya ɗauka ba mai iya yi sai shi an gama shi tsakanin abincin rana da la'asar, kuma sabuwar ko ɗumin ƙafa ba ta bayarwa. Mun tausaya masa ƙwarai, har ba mai iya haɗa ido da shi.

Duk da haka bai sallama nan take ba. Ya ce ai in aka duba da kyau Mavis ba ta mutu ba, gida ta canja, tunda duk abin da ta sani yana cikin sabuwar. Ya kawo shawarar a sa wa sabuwar suna Mavis ƙarama. Darlene, wadda ta zo ɗaukar tukunyarta, ta sake bin mu da kallon nan na Kirsimeti, mu kuma shaidu muka sunkuyar da kai.

"Ai na riga na raɗa mata suna, Baba," in ji Odette.

"Wane suna?"

"Darlene. Ba ta da hayaniya, amma abin da ta sa gaba sai ta ga bayansa."

Ana cikin haka Mista Friesen ya leƙo da wata manhaja da ya gani a wayarsa, ya ce a sa masa a sabuwar yanzu. Odette ta tare gabanta da jikinta. Ta ce babban ɗaki ba mai shigarsa sai kayan sito, nata ayyukan ma kowanne ta gina masa akurkinsa a gefe, pip ya yi haukarsa a can. Mista Friesen ya ce to yaushe tasa za ta shigo siton? Ta ce, "In ta nuna. Ka jira." Wendell ya dube ta, ya yi dariya har ya share ido, dariyarsa ta farko tun ranar Juma'a. Daga nan ya daina maganar Mavis ƙarama.

Marigayiya ta rasu ta bar firinta ɗaya wadda ba ta taɓa jin maganar kowa ba sai tata, yanzu kuma ta shiga takaba ta ƙi karɓar takarda. Ta bar allon rubutu da harafi ɗaya ya goge, da gizo-gizon da ya yi iyali a bayanta, da wani fili mai kusurwa huɗu a kan darduma wanda ya fi sauran ɗakin tsabta. Ta kuma bar Wendell, da ƙafafunsa biyu masu jin sanyi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Za a ɗauko gawa daga ofis a kwantar da ita a kan gadon motar yawo, a ɗaure ta da bel, Darlene ce za ta tuƙa. Za a kai ta wurin karɓar tsofaffin kayan lantarki da ke bayan gari. Kamar yadda aka saba, za a huda faifan kafin a miƙa shi saboda sirrin manoma. Odette ce za ta riƙe na'urar huji, kuma jama'a sun ga dacewar hakan. Wendell ya roƙi a bar shi ya juya baya a lokacin. Fankar kaɗai ba za a binne ba. Odette ta ciro ta, ta wanke mata ƙura, ta haɗa mata waya yadda za ta yi aiki da wutar mota, ta ɗaure ta a ƙarƙashin kujerar mai zaman gaba daidai inda ƙafa ke sauka. Ba ta gaya masa ba tukuna, don haka wanda ya karanta wannan ya kama bakinsa.

Ba a bukatar furanni. Mai son yi wa marigayiya alheri ya karanta gargaɗi kafin ya danna. Za a yi zaman makoki a kicin ɗin ofis, akwai sauran perogi, kuma an ƙara soket.

Wendell zai miƙa wa Odette makullai a bakin ƙofar wurin jana'izar, domin motar ba za ta dawo ofis ba, ba kuma za ta koma gida ba. Daga can za ta miƙe yamma. Darlene ta ce a sanar da jama'a cewa ba za ta kashe injin ba ko na minti ɗaya. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana shan wa'azi a kan teburin cin abinci cewa ba a kashe abin da ke aiki, kuma wa'azin ya shige ta. Saboda haka mai son yin sallama da Wendell ya zo da wuri, ya tsaya ta wajen tagar dama.